Mutumin da ya lissafa hanyar Hiroshima

Idan ana zancen bom ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima na Japan a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sunaye biyu aka fi ambata: Shugaba Harry Truman da ya ba da izini, da Kanar Paul Tibbets da ya tuƙa jirgin. Amma a bayan kujerar Tibbets, ta hannun hagu, akwai wani ɗan ƙaramin tebur. A kansa akwai taswira, fensir, agogo, da takarda mai layi-layi ta rubuta lokaci da wuri. Wanda ke zaune a gaban teburin nan shi ne Kyaftin Theodore Van Kirk, ɗan shekara 24, wanda abokansa ke kira Dutch. Ba ya riƙe da sitiyari, ba kuma shi ke sakin bom ba. Aikinsa shi ne ya san inda jirgin yake a kowane minti, ya gaya wa matuƙi inda zai sa gaba.

Jirgin, samfurin B-29 da Tibbets ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, ya tashi daga tsibirin Tinian da ke tekun Pasifik da ƙarfe 2:45 na dare, ranar 6 ga Agusta 1945. An tsara a saki bom da ƙarfe 9:15 agogon Tinian, wato 8:15 na safe a Japan. Tafiyar awa shida da rabi ce, kimanin kilomita 2,500, kusan dukkanta a kan teku, farkonta cikin duhu. Suka isa da lattin da bai wuce sakan 15 zuwa 17 ba. Har Van Kirk ya tsufa, idan ya zo wannan gaɓar a labarinsa, za ka ji alfaharin ma'aikacin da ya san ya iya aikinsa. Sakan 43 bayan sakin bom ɗin, tsakiyar birnin ta kama da wuta, kuma kafin ƙarshen shekarar mutanen da suka mutu sun kai wajen 140,000 a ƙiyasin hukumomin birnin.

Gwanintar nan da wannan kisan a hannun mutum ɗaya suka haɗu, kuma ba na jin za a fahimci rayuwarsa idan an ɗauki ɗaya an ajiye ɗaya.

Aikin jagaban jirgi

A ayarin fatake na da, madugu ne shugaba, amma jagaba ne ke gaba, shi ya san rijiya ta gaba da kwana nawa ya rage. Masu kai raƙuma Bilma ɗauko gishiri sun san cewa a tsakiyar Tenere babu dutse babu itace da za ka riƙe a matsayin alama, sai rana da taurari da ƙidayar kwanaki. Mai lissafin hanya a jirgin yaƙi jagaba ne irin wannan, sai dai shi raƙuminsa na gudun ɗaruruwan kilomita a awa guda, kuma ƙasar da yake takawa ita ma tafiya take yi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce wuyar aikin. Duk wanda ya taɓa tsallaka babban kogi da damina ya ga yadda mai kwalekwale yake yi: ba ya saita hancin jirginsa daidai da mashigar da yake so, sai ya karkata shi sama da ita, don ya san ruwa zai ja shi ƙasa. Iska haka take wa jirgin sama, illa dai ita ba a ganinta, kuma tana canjawa da tsawo da lokaci. A ce jirgi na tafiyar kilomita 400 a awa, iska kuma na turo shi daga gefe da gudun kilomita 40. Idan ba a gyara ba, bayan awa shida ya kauce da kilomita 240, nisan da ya yi kusa da na Kano zuwa Kaduna. Ko babu iska ma, kuskuren digiri ɗaya tak a kamfas yana kautar da kai kilomita ɗaya a kowace kilomita 60. A tafiya irin ta Tinian zuwa Hiroshima, wannan ya zarce kilomita 40.

To ta yaya ake sanin wuri a 1945, babu tauraron ɗan'adam, babu waya mai nuna taswira? Tushen aikin lissafi ne mai sauƙin faɗa: na san inda na taso, na san inda na fuskanta, na san gudun da nake yi da tsawon lokacin da na yi, saboda haka ga inda ya kamata in kasance. Mai lissafi yana leƙa ƙasa ko saman ruwa ta wata na'ura mai gilashi da layuka don ya auna yadda iska ke karkatar da jirgi. Yana da wani faifan ƙarfe mai juyawa, cike da lambobi, wanda yake haɗa gudun jirgi da na iska a kai. Da dare kuma sai ya tashi tsaye ya sa kai a wata ƙaramar rumfar gilashi a rufin jirgi, ya auna tsawon tauraro daga sararin ƙasa, ya duba agogo, ya buɗe littafin jadawali, ya ja layi a taswira. Taurari biyu ko uku, layuka biyu ko uku, inda suka gicciye nan jirgin yake, ko kuma nan yake mintuna kaɗan da suka wuce, tunda kafin ya gama lissafi jirgin ya yi gaba. Agogon nan kuwa dole ya zama daidai, domin kuskuren sakan huɗu na iya zama kuskuren kusan kilomita biyu a taswira. Zuwa ƙarshen yaƙin an samu rada da siginar rediyo masu taimakawa, amma fensir bai bar hannun mai lissafi ba.

Duk wannan ana yin sa ne cikin rugugin inji, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu a jiragen B-17 da babu ɗumi a cikinsu, da abin shaƙar iska a fuska, wani lokaci harsasai na fasa jikin jirgi. Idan kuma jirginka ne ke gaba, jirage da dama na bin bayanka, kuskurenka na kowa ne.

Daga Ingila zuwa Jibralta

An haifi Van Kirk ranar 27 ga Fabrairu 1921 a Northumberland, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania. Ya ɗan taɓa karatu a Jami'ar Susquehanna, sannan ya shiga horon sojan sama a Oktoba 1941, wata biyu kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii. A Afrilu 1942 ya fito a matsayin hafsa mai lissafin hanya, aka tura shi runduna ta 97 ta jiragen B-17, wadda ita ce ta fara kai harin manyan jiragen Amurka a Turai daga Ingila, kan tashar jiragen ƙasa ta Rouen a Faransa, a watan Agustan wannan shekarar. A nan ya haɗu da mutum biyu da ƙaddara ta ɗaure shi da su har ƙarshen rayuwa: Tibbets matuƙi, da Thomas Ferebee mai saita bom. Jirginsu Red Gremlin ake ce masa.

Tsakanin Agusta da Oktoba 1942 sun kai hari 11 daga Ingila. Daga nan aka ba su wani aikin da ya nuna irin amincewar da aka yi musu. Amurka da Birtaniya na shirin sauke sojoji a Maroko da Aljeriya, kuma ana so a san ko hafsoshin Faransa da ke can za su yi faɗa ko za su buɗe ƙofa. Su Tibbets ne suka ɗauki Janar Mark Clark zuwa Jibralta, a ƙarshen kudancin Sifen, daga can jirgin ƙarƙashin ruwa ya kai shi gaɓar Aljeriya a asirce. A farkon Nuwamba kuma suka ɗauki Janar Dwight Eisenhower kansa zuwa Jibralta, cikin mummunan yanayi, don ya jagoranci mamayar da aka fara ranar 8 ga wata. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Dole a yi nisa cikin teku don guje wa jiragen Jamus da ke tasowa daga Faransa, a kewaye Sifen da Fotugal, sannan a nemo wani ɗan filin sauka a gindin dutse. A riƙe sunan Eisenhower, zai sake fitowa a wannan labarin.

Bayan nan suka koma Arewacin Afirka, inda suka riƙa kai hari kan sansanonin Jamus a Tunisiya, har da filin jirgi na Bizerte. Lokacin da Van Kirk ya koma gida a Yuni 1943, ya yi fita 58. A wancan lokaci, a rundunar da ke Ingila, wanda ya cika 25 da ransa ana sallamarsa ya huta, kuma da yawa ba su cika ba. Rundunar sama ta takwas kaɗai ta rasa mutum wajen 26,000 kafin yaƙin ya ƙare. Na kawo wannan ne don a san irin mutumin da ya hau Enola Gay: saurayi ne da ya riga ya ga abokansa suna faɗowa daga sama, ya kuma riga ya saba da cewa a ƙarƙashin kowane layi da ya ja a taswira akwai mutane.

Ya zauna yana koyar da sababbin masu lissafin hanya har ƙarshen 1944, lokacin da aka ɗora wa Tibbets kafa wata runduna ta musamman, ta 509, aka kuma ba shi dama ya zaɓi wanda yake so. Ya kira Ferebee, ya kira Van Kirk. A Wendover, cikin hamadar gishiri ta jihar Utah, suka yi watanni suna maimaita abu ɗaya: a hau sama da mita 9,000, a saki bom guda ɗaya mai nauyin gaske, a juya jirgi da ƙarfi digiri 155, a gudu. Dalilin juyin shi ne masana sun ƙiyasta cewa sai jirgi ya yi nisan kilomita goma sha wani abu daga wurin fashewar kafin a sa ran zai tsira. Galibin mutanen rundunar ba a faɗa musu abin da za su ɗauka ba. An cire wa jiragen yawancin bindigogi da sulke don su yi sauƙi.

Akwai abu guda a shirin da ba na iya wucewa ban tsaya a kai ba. Biranen da aka ware, irin su Hiroshima da Kokura da Niigata, an hana sauran jirage yi musu ruwan wuta irin wanda aka yi wa Tokyo a daren 9 zuwa 10 ga Maris 1945, inda mutum wajen 100,000 suka mutu. An ajiye su ne lafiya ƙalau don a iya auna ɓarnar sabon makami a kan gari cikakke. Mutanen Hiroshima suna ta mamakin yadda aka ƙyale su. An kuma ba da umarni cewa sai an ga gari da ido za a saki bom, ba da rada ba. Wannan ya sa sararin samaniya mai haske ya zama hukuncin kisa, gajimare kuma ya zama ceto, kamar yadda ya faru ga Kokura bayan kwana uku, lokacin da aka kasa ganin garin aka kai bom na biyu Nagasaki.

Daren tashi an ce su je su yi barci. Van Kirk ya sha ba da labarin cewa barci bai zo ba, sai shi da Tibbets da Ferebee suka zauna suna karta. Su 12 ne a jirgin. Saboda an ga jiragen B-29 suna faɗuwa suna kamawa da wuta wajen tashi a Tinian, Kyaftin William Parsons na sojan ruwa ya yanke shawarar sai an tashi sannan zai ƙarasa haɗa bom ɗin, mai nauyin kilo 4,400. Ya yi hakan a cikin rumbun jirgi, Morris Jeppson na riƙe masa fitila. Shi kuwa Van Kirk jarrabawarsa ta farko ita ce ya nemo Iwo Jima, tsibirin da tsawonsa bai wuce kilomita takwas ba, bayan awa uku a kan baƙin ruwa. Da ketowar alfijir suka same shi, suka haɗu da jirage biyu masu rakiya, ɗaya ɗauke da na'urorin awo, ɗaya da kyamarori. Daga nan suka nufi arewa suna hawa. Jirgin duba yanayi da ya riga su, wanda Claude Eatherly ke tuƙawa, ya aiko saƙo cewa saman Hiroshima a buɗe yake.

Abin da Ferebee ke nema a madubinsa shi ne gadar Aioi, mai siffar harafin T, a tsakiyar gari. Aikin Van Kirk shi ne ya kawo jirgin kan layin da gadar za ta shigo madubin, a kan lokaci. Ya kawo shi. Bom ɗin ya fashe a sama, kimanin mita 600 daga ƙasa, a kan asibitin Shima, ɗan nesa kaɗan da gadar. Cikin kilo 64 na yuraniyam da ke cikinsa, abin da ya ƙone bai kai kilo ɗaya ba. Haske ya cika jirgin, sannan girgiza ta buge shi. Da suka juyo suka duba, Van Kirk ya ce garin ya yi masa kama da tukunyar baƙin mai tana tafasa.

A ƙarƙashin wannan tukunyar, safiyar Litinin ce. Mutane na hanyar aiki. Dubban 'yan makaranta, yawancinsu 'yan shekara 12 da 13, an fito da su tsakiyar gari suna rushe gidaje don buɗe hanyoyin tare gobara, kuma mafi yawansu ba su koma gida ba. Akwai sojoji da yawa a garin, gaskiya ne, domin hedkwatar rundunar da ke tsaron kudancin Japan tana nan. Akwai kuma dubban 'yan Koriya, da yawansu an kawo su aikin tilas, har da fursunonin yaƙi Amurkawa su 12. Waɗanda wuta ba ta kashe ba, makonni kaɗan gashinsu ya fara zuba, dasashi na jini, daga baya sankarar jini ta biyo.

Enola Gay ya sauka Tinian da ƙarfe 2:58 na rana, bayan awa 12 da minti 13 a sama. Janar Carl Spaatz na jira a filin, ya maƙala wa Tibbets lambar yabo tun bai huta ba.

Shekara 69 da suka biyo baya

Akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo, har a wajenmu, cewa waɗanda suka jefa bom ɗin sun haukace ko sun kashe kansu. Asalinta Eatherly ne, matuƙin jirgin duba yanayi, wanda bayan yaƙi ya shiga rikici da doka, ya yi zaman asibitin masu taɓin hankali, ya kuma fito fili yana cewa alhakin Hiroshima na damunsa. Shi ba ya cikin Enola Gay. Mataimakin matuƙi Robert Lewis ma an san shi da kalmar firgici da ya rubuta a littafinsa, yana tambayar Ubangiji me suka aikata. Amma rayuwar Van Kirk ba ta bi wannan hanyar ba ko kaɗan, kuma ina ganin shi ya sa ta fi wuyar fahimta.

Makonni bayan Japan ta miƙa wuya, shi da Tibbets da Ferebee sun je Nagasaki sun taka kangon da ƙafarsu. A 1946 ya halarci gwajin makaman nukiliya a tsibiran Bikini, a watan Agustan shekarar kuma ya ajiye kaki yana Manjo. Ya koma aji a Jami'ar Bucknell, ya yi digiri na farko a 1949 da na biyu a 1950 a fannin injiniyancin sinadarai, ya kama aiki da kamfanin DuPont, ya yi shekara 35 a can. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu. Shekaru da dama bai cika zancen yaƙi ba. Sai da ya yi ritaya ya fara zagaya makarantu da tarukan tsofaffin sojoji, yana amsa tambaya ɗaya da ba ta taɓa canjawa: ka yi nadama?

Amsarsa ita ma ba ta canja ba. Ya ce a irin wannan hali, da irin wannan yaƙi, zai sake yi. Ya yi imani bom ɗin ya ceci rayuka, har ma yana cewa mafi yawan waɗanda aka ceta Japanawa ne. A hirar da ya yi a 2005, cikar shekara 60, ya ƙara da cewa yaƙi ba ya warware komai, makaman nukiliya ma haka, kuma da so samu ne a kawar da su duka daga duniya. Sai dai, in ji shi, muddin wani na da su, yana so ƙasarsa ta fi abokin gaba da guda ɗaya. Wasu na ganin wannan tufka da warwara ce. Ni ina ganin mutum ne ke faɗin abin da ke ransa yadda yake, bai gyara shi don ya yi daɗin ji ba. Ƙasashe tara da ke riƙe da makaman yau, da wannan hujjar ta "guda ɗaya fiye da abokin gaba" suke riƙe da su.

Hujjarsa tana da nauyi, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba ta da shi. An riga an sa ranar mamaye tsibirin Kyushu na kudancin Japan, 1 ga Nuwamba 1945. Yaƙin tsibirin Okinawa ya nuna abin da ke tafe: Amurkawa sama da 12,000 suka mutu a can, sojojin Japan wajen 100,000, fararen hula kuma dubun-dubatai masu yawa. Kowane wata da yaƙin ya ƙara, mutane na mutuwa da yunwa da azaba a Sin da Indonesiya da sauran ƙasashen da Japan ta mamaye, fursunoni na mutuwa a sansanoni. Mu ma muna da namu a ciki: dubban sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, da yawansu Hausawa ko masu jin Hausa, sun yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, kuma ƙarewar yaƙin ce ta buɗe musu hanyar gida. Wanda kakansa ya dawo daga Bama ba zai ɗauki maganar gaggauta ƙarshen yaƙi da wasa ba.

Amma tambayar ita ce ko bom ɗin ne ya ƙare shi, kuma ko babu wata hanya. A nan masana tarihi suka rabu har yau. Ranar 8 ga Agusta Tarayyar Sobiyet ta ayyana yaƙi a kan Japan, washegari dakarunta suka kutsa Manchuriya, yankin Sin da ke hannun Japan, a ranar da aka jefa bom na biyu a Nagasaki. Har zuwa lokacin shugabannin Japan na fatan Mosko za ta shiga tsakani ta samo musu sulhu mai sauƙi. Shigowarta ta rufe wannan ƙofar, kuma akwai masana da ke ganin wannan ya girgiza su fiye da rasa wani birni, tunda sun riga sun rasa sama da 60 a ruwan wuta. Wasu kuma na nuna cewa ko bayan bom biyu da shigowar Sobiyet, majalisar yaƙin Japan ta rabu uku da uku, sai da Sarki Hirohito ya sa baki, kuma a jawabinsa na 15 ga Agusta ya ambaci sabon bom ɗin da bakinsa. Kwamitin binciken da gwamnatin Amurka ta kafa ya rubuta a 1946 cewa Japan za ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko da bom ko babu, ko da yake an soki yadda ya kai ga wannan matsayar.

Ba kuma daga baya ne kawai aka fara ja ba. A Yuni 1945 wasu masanan da suka yi aikin bom ɗin, ƙarƙashin James Franck, sun ba da shawarar a fara nuna ƙarfinsa a wurin da babu mutane. A Yuli Leo Szilard ya tara sa hannun masana 70 suna roƙon Truman kada a yi amfani da shi ba tare da an ba Japan cikakkiyar dama ba. Admiral William Leahy, babban hafsan da ke kusa da Truman, ya rubuta bayan yaƙi cewa makamin dabbanci ne kuma bai taimaka ba. Eisenhower, mutumin da Van Kirk ya lissafa wa hanya zuwa Jibralta, shi ma ya rubuta cewa ya nuna rashin amincewarsa, domin a ganinsa an riga an ci Japan da yaƙi.

Inda na tsaya shi ne nan. Ba na ɗora wa ɗan shekara 24 nauyin shawarar da aka yanke a Washington. Bai zaɓi garin ba, bai sa ranar ba, kuma da ya ƙi, akwai wasu masu lissafin hanya a rundunar da za su hau kujerar. Ina kuma girmama cewa bai ɓuya ba, bai ƙirƙiro hawayen da ba ya ji ba. Amma lissafin rayukan da aka ceta lissafi ne na abin da bai faru ba, kowa na iya ja ya kai shi inda yake so, yaran da aka fito da su rushe gidaje kuwa an san sunayensu da makarantunsu. Hujjar da ta halatta ƙona gari don a gajarta yaƙi, kowane mai yaƙi na iya ɗaukarta, domin babu wanda ba ya cewa nasa yaƙin ne mai gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yanka aikin gunduwa-gunduwa har kowa ya samu rabon da zai iya ɗauka ya yi barci. Mahaƙan Shinkolobwe a Kongo sun haƙo dutsen yuraniyam. 'Yan matan Oak Ridge a Tennessee sun juya maɓallan injin tace yuraniyam ba su san me suke tacewa ba. Ma'aikatan jirgin ruwan Indianapolis sun kai akwatin sassan bom ɗin Tinian ranar 26 ga Yuli, kwana huɗu bayan haka aka nutsar da su. Eatherly ya duba gajimare. Van Kirk ya auna iska. Kowannensu zai iya rantsuwa cewa aikinsa kawai ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Hannu da yawa, an ce, maganin ƙazamar miya. Ga inda hannu da yawa ya sa ba a san wanda ya dafa ba.

Amurka kanta ba ta gama da wannan zancen ba. A 1995 gidan tarihin Smithsonian ya shirya baje kolin Enola Gay tare da hotunan waɗanda suka ƙone da muhawarar masana, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka tayar da ƙura, aka soke shirin, shugaban gidan tarihin jiragen Martin Harwit ya yi murabus. Tun 2003 jirgin yana ajiye a wani reshen gidan tarihin a Virginia, an goge shi yana ƙyalli. Barack Obama ya je Hiroshima a Mayu 2016, shugaban Amurka na farko da ya je yana kan mulki, ya rungumi wani tsoho da ya tsira, bai nemi gafara ba. A 2024 ƙungiyar waɗanda suka tsira, Nihon Hidankyo, ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel.

Van Kirk bai ga waɗannan biyun na ƙarshe ba. Ferebee ya rasu a 2000. Tibbets ya rasu a 2007, ya bar wasiyya kada a yi masa kabari don kada ya zama wurin zanga-zanga, aka watsa tokarsa a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Jeppson ya bi su a 2010, Van Kirk ya rage shi kaɗai cikin 12 ɗin. Ya rasu ranar 28 ga Yuli 2014 a Stone Mountain, jihar Georgia, yana da shekara 93, aka kai shi Northumberland aka binne kusa da matarsa.

Takardar lissafinsa ta wannan tafiya an sayar da ita a gwanjo a 2007 kan kuɗi sama da dala 350,000. Lambobi ne jere da fensir, lokaci da fuska da gudu da iska, sai wani layi da ke cewa an saki bom, a gefensa 9:15, domin agogonsa na kan lokacin Tinian. A gidan tarihin Hiroshima kuma akwai agogunan da aka tsinto cikin toka, gilashinsu a fashe, hannayensu a tsaye kan 8:15.